Tela Ya Ɗinka Dandamalin Katako

An yi wani tela a wata unguwa ta bakin kogi, kuma kada a ci haƙƙinsa, ɗinki kam ya iya shi. Cutarsa ɗaya ce. Tunda ya iya ɗinki, sai ya ɗauka duk sana'ar duniya ɗinki ce, masu yin ta ne kawai ba su gane ba. In ya ga magini yana jera bulo, sai ya tsaya ya ce layin ya karkace. In likita ya ɗinke wa wani rauni, sai ya ce a kwance masa bandejin ya ga hannun likitan. Tef ɗin awo kuwa ba ya barin wuyansa ko da gaisuwar rasuwa za shi.

Garin nan laima ta yi masa katutu. Gishiri narkewa yake a kwalba, ashana sai ka ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama, takalmin da ka manta a ƙarƙashin gado mako guda sai ka tarar ya yi gemun fumfuna. Saboda ambaliya duk gidajen layin an ɗaga su sama, har ƙofar bayan gidan Tela ta kai ƙugun mutum daga ƙasa, sai an bi matakala ake sauka. A ƙasa taɓo, gaba kaɗan shingen kwano, bayan shingen kuma kogi.

A gidan akwai surukinsa, mahaifin matarsa Malama, wanda kowa ke kira Baba. Shekara arba'in ya yi yana fito a kogin nan yana ƙetarar da mutane, har ƙafafunsa suka ce sun gaji, ya koma keken guragu. Kullum da hantsi Malama takan tura shi bakin ƙofar baya ya sha iska. Abin takaicin shi ne, mai tsaye a ƙofar yana hango ruwa ta saman shinge, amma mai zaune ba abin da yake gani sai tsatsar kwano. Wata goma sha ɗaya ke nan Baba yana jin motsin kogi a kunnensa, bai sa shi a ido ba. An ce a ɗauke shi a zaga da shi, ya ce shi ba buhu ba ne.

Ƙanin Malama kafinta ne, magidanci mai furfura a gemu, ba shi da yawan magana. Wata rana ya zo gaida mahaifinsa, ya tsaya a ƙofar ya duba ƙasa ya duba shinge, ya ce, "Dandamalin katako ya kamata a yi a nan, daidai da tsayin ƙofa, ya tafi har bakin shinge. Sai a tura Baba ya leƙa ta sama. Bari in gama aikin da ke hannuna, nan da mako uku..."

"Mako uku!" in ji Tela, ya ajiye kofin da ke hannunsa. "A gidana? Surukina ya zauna mako uku yana jiran zarto? Baba, ka shaida. Malama, ki shaida. Kwana bakwai, ni da hannuna."

"Yaya, ka taɓa riƙe guduma kuwa?"

"Kai ka taɓa sa wa riga aljihu? Aikinku awo ne da yanka da haɗawa. Namu ma awo ne da yanka da haɗawa. Bambancin dai, mu in mun yi kuskure mutum ne ke yawo da shi a gari, ku kuwa fenti kuke shafawa."

Baba ya ɗago kai ya dube shi. "Kwana bakwai ka ce?"

"Bakwai, Baba."

"To, Allah ya kai mu." Kuma ba da wasa tsohon ya faɗa ba, daga muryarsa ka san ya sa rai.

Washegari Tela ya tafi wurin mai sayar da katako. Malama ta matsa wa ƙaninta ya bi shi, wai ko zai ja masa birki. Mai katako mutum ne mai tsoron Allah, da ya ji aikin na waje ne kuma a bakin ruwa, sai ya jera musu kaya ya yi bayani.

"Ga ƙirya, ga maɗaci. Nauyi gare su, ƙusa ma sai an huda mata kafin ta shiga, amma ruwa zai gaji ya bar su, gara kuma ta karya haƙori. Ga wannan mai kore-kore, an dafa shi da magani, shi ma yana jure laima in ana kula da shi. Wancan farin kuwa rimi ne, na akwatin kaya ne da allon zuba kankare. A yi aiki da shi a yar."

Tela ya matso. Ya naɗe hannun riga, ya shafa ƙirya da bayan hannu, ya yatsina fuska. "Kaushi. Wannan ko wandon makanike ba zan yanka da shi ba." Ya matsa kan mai magani, ya ɗaga shi wajen haske. "Rini bai kama ba. Dubi dabbare-dabbare. Wanki ɗaya zai zuba." Da ya zo kan rimi sai ya lumshe ido, ya ɗauki allo guda da hannu ɗaya ya kara a kumatunsa. "Yauwa. Ka ji laushi. Ga haske, ga rashin nauyi. Wannan shi ne na manya."

"Ranka ya daɗe, ruwa zai dake shi fa," in ji mai katako.

"Kyan ɗan maciji ne, Yaya," in ji Kafinta.

"Shekara talatin ina zaɓen yadi, ba a taɓa sayar mini da jabu ba. Hannun nan ba ya ƙarya. A loda."

Mai katako ya ja Kafinta gefe. "Ɗan'uwanka ne?"

"Mijin yayata ne."

"Sannu."

Da kayan suka iso gida, Tela ya kai wa Baba guntu ɗaya ya gani. Baba ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Rimi ne?"

"Rimi ne, Baba. Zaɓaɓɓe."

"Yana iyo da kyau," in ji Baba, ya miƙa masa abinsa.

Kafin la'asar duk layin ya ji cewa Baba da kansa, mutumin da ya shekara arba'in a kan ruwa, ya yaba katakon.

To, kowane tela ya san ba a yanka sabon yadi sai an jiƙa shi ya gama tsukewa, don kada ya ba ka kunya bayan an ɗinka. Saboda haka Tela ya ɗaure allunan nan da igiyar shanya ya zuba su a kogi su kwana. Igiyar shanya kuwa ba don wannan aka yi ta ba. Sai da azahar ɗin washegari wani mai kwalekwale ya shigo yana jan su a bayansa, ya ce a ƙarƙashin gada ta biyu ya tare su, suna tafiya a jere kamar agwagi.

"Kun gani?" in ji Tela ga maƙwabtan da suka taru. "Baba ya faɗa."

Abin da aka jiƙa dole a shanya, a garin nan kuwa rana ba ta busar da ko mayafi. Sai ya roƙi mai gidan burodi na ƙarshen layi, ya jingina allunan a bangon tanda. Kwana biyar suna gasuwa har suka bushe ƙayau, in ka buga su suna ƙara kamar ƙwarya. Kwana bakwai ya cika ba a buga ƙusa ko ɗaya ba. Malama ta tuna masa, ya ce kwana bakwai na aiki yake nufi, ba a ƙirga jiƙo da shanya. Wanda ya taɓa kai wa tela ɗinki ya san irin wannan lissafin.

Ranar da ya fara jera alluna, Kafinta ya biyo ta wurin, ya tsaya hannu a aljihu yana kallo. Ya so ya yi shiru, abin ya gagara.

"Yaya, ka bar tazara tsakanin allo da allo, ko kamar kaurin ƙusa. Katako yana shan laima ya kumbura, sai an bar masa wurin miƙewa. Ruwan sama ma ta nan zai zurare."

"Tazara?" Tela ya cire ƙusoshin da ke bakinsa. "In kawo maka riga da tazara tsakanin hannu da kafaɗa, ka karɓa?"

"Ba riga ba ce."

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da kuke kira tazara, mu a wurinmu sunansa aikin ganganci."

Akwai wani direban babbar mota a gidan da ke kusa, ƙaton mutum mai son taimako, wanda tunani ba ya wahalar da shi. Shi ya kawo jak ɗin motarsa, suka riƙa matse allo a jikin allo har ko allura ba za ta shiga tsakani ba. Tela ya gwada da allurar, ya kira mutane suka gani.

Bai tsaya nan ba. Ya ce riga mai daraja ba ta rasa shafi, sai ya shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin allunan don kada sanyi ya bugi ƙafar Baba. Ya ce kuma ba a barin ɗinkin ciki a waje, sai ya kewaye ƙafafun dandamalin da tamfol har ƙasa, da kalmasa da komai, ko iska ba ta samun hanyar wucewa. Ƙarshen dandamalin kuwa ya kafe shi da ƙusa a jikin sandunan shingen kwano, ya ce an haɗa gaba da baya ke nan.

Gaskiya a faɗe ta, abin ya yi kyau. Fari fes, sumul, ba kafa ko ɗaya. Wata tsohuwa ta gidan hagu da kowa ke kira Gwaggo ta leƙo ta katanga ta ce, "Tubarkalla. A kai za a zauna, ko kallo za a riƙa zuwa yi?"

"Gobe Baba zai fito," in ji Tela. "Man da na shafa ne nake jira ya bushe."

Kafin goben ruwa ya sauko, kuma sai da ya kwana uku yana zuba.

Rana ta huɗu aka ɗauke. Malama ta gyara Baba ta turo shi, ta murɗa ƙofar baya ta tura. Ƙofar nan waje take buɗewa. Ta motsa kamar faɗin yatsa biyu ta tsaya. Ta sa kafaɗa, ko gezau.

"Baban yara! Zo ka ga aikinka."

Tela ya fita ta ƙofar gaba ya zaga. Allunan da suka sha wutar tanda sun sami ruwa sun sha sun ƙoshi, sun nemi wurin miƙewa sun rasa, sai suka yi sama. Daidai bakin ƙofa dandamalin ya yi tozo kamar na raƙumi, ya tokare ta tam.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ta jikin ƙofa, "Ba komai. Tattara ce."

"Mece ce?"

"Tattara. Kowane sabon ɗinki yana yi. Guga kawai yake so."

Wallahi da gaske yake. Ya cika dutsen guga da garwashi, ya jiƙa tsohon zanen gado ya shimfiɗa a kan tozon, ya durƙusa ya fara. Tururi ya tashi. Kan ka ce kwabo katangar hagu da ta dama sun cika da kawuna.

"Tela, wankin wa ka karɓo?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ki bar masu aiki su yi aiki."

"A'a, tambaya ce. In ka gama akwai tebur ɗina, ƙafarsa ɗaya ta yamutse."

Awa biyu yana guga. Da ya ɗaga zanen, tozon yana nan inda yake, sai dai yanzu yana da tambarin dutsen guga guda tara, baƙi ƙirin. Tela ya ja da baya ya karkata kai, ya ce ado ne, kuma tozon ya ragu, ido ne bai saba ba.

Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, na uku ma haka. Ruwa yana sauka ya kwanta a kan dandamali don ba ta inda zai bi, wanda ya samu ya ratsa kuma leda ta tare shi ta riƙe. Fararen alluna suka koma toka-toka, daga nan suka yi baƙi. Naman kaza ya tsiro a gefe, layi guda. Kwaɗi suka tare a cikin tamfol da iyalansu. In ka taka wani wurin sai ka ji yana lotsawa kamar burodi. Duk wanda ya yi magana Tela yana da amsa: baƙin nan launi ne ke nuna, naman kazan kuma shaida ce cewa katakon yana da rai.

A cikin gida kuwa ba abin dariya. Da can Baba yana samun iskar bakin ƙofa ko da kwano yake kallo, yanzu ita ma an rufe. Kowace safiya Malama takan turo shi gaban rufaffiyar ƙofa, don ya ƙi a kai shi wani wuri, ya zauna yana sauraro. In Tela ya zo gaishe shi sai ya ce, "Yau ne?" Tela ya ce, "Saura ƙiris, Baba."

A mako na biyar Kafinta ya zo da ƙarfen ɓanɓare ƙusa a hannu, ransa a ɓace.

"Allo ɗaya zan cire, Yaya. Ɗaya tak, ƙofa ta buɗe."

Tela ya hau tozon ya baje hannu. "Ba a farke ɗinkin da aka gama."

"Ubana ne a ciki!"

"Surukina ne! Kuma gidana ne!"

"Ka mai da shi fursuna saboda taurin kai!"

Sai muryar Baba ta fito ta 'yar kafar ƙofa, a hankali. "Ku bar shi. Mutum ya yi alkawari a gabana. A bar shi ya cika abinsa."

Kafinta ya sauke ƙarfen, ya juya ya tafi bai yi sallama ba. Tela ya sauko yana cewa, "Ka dai ji," amma ba da murna ba. Da zaginsa Baba ya yi da ya fi masa sauƙi.

Bayan kwana biyu Baba ya daina tambayar ko yau ne. Abincin da aka kai masa ma rabi yake dawowa. Malama ta sami mijinta a shago, ta tsaya a kan keken ɗinkinsa ta dafe shi da hannu.

"Shekara ashirin da shida ina jin cika bakinka ina dariya, don bai taɓa cin kowa ba. Wannan yana cin ubana. Ranar Asabar in ƙofar nan ba ta buɗe ba, da gatari zan fito, kuma ban ce katako kaɗai zan sara ba."

"Haba Malama. Ai na riga na gano maganin."

Ya gano kuwa. Rigar da ta ƙi guga, ƙarƙashin katifa ake sa ta a kwanta a kai. Nauyi kawai tozon nan yake so. Sai ya bi layi gida-gida yana gayyata, ya ce ranar Asabar da la'asar za a buɗe dandamali, Baba zai fito, kowa ya zo da kujerarsa. Bai gaya wa kowa cewa su ne katifar ba.

Asabar ta zo. Tun azahar Baba ya sa aka sanya masa babbar rigarsa da hula, aka ajiye shi a bayan ƙofa, Malama tana riƙe da keken. A waje mutane suka hau ta matakalar da Tela ya kafa a gefe, kowa da kujera a hannu. Tela yana tsaye yana raba wuri kamar mai jera maɓalli.

"Direba, nan tsakiya, kai ne babban baƙo. Mai burodi, kusa da shi. A matso, a matso, kada a bar tazara."

"Ga wuri can fili bakin shinge," in ji wani.

"Can na Baba ne. Kowa nan."

Gwaggo ta taka allo ɗaya ta ji yadda ya amsa, ta janye ƙafarta. "Ni daga katanga ma ina gani," ta ce, ta koma. Kafinta ma yana ƙasa, ya harɗe hannu ya jingina da bango.

Mutum goma sha huɗu suka zauna a kan tozo da kewayensa, kujeru a karkace, kowa yana riƙe da na kusa da shi. Sai aka ji ƙyas. Tozon ya sauka kamar faɗin yatsa.

"Kun ji?" in ji Tela, fuskarsa ta washe. "Ya fara ladabi. Malama, tura!"

Ƙofa ta ƙara motsawa kaɗan ta tsaya.

"Saura ƙiris. Jama'a, kowa ya ɗan tashi ya zauna da ƙarfi. In na ce uku."

"Tela, wai buɗe dandamali aka zo ko me?" in ji Direba.

"Haka ake buɗe na zamani." Ya ratsa ya hau ƙololuwar tozon, ya gyara tef ɗin wuyansa, ya ɗaga murya yadda na ƙasa zai ji. "Akwai waɗanda suka ce tela ba zai iya ba. Akwai masu cewa ƙirya, masu cewa maɗaci, masu cewa a bar tazara. Yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Ɗaya! Biyu!"

A kan uku shi ma ya daka tsalle.

Ba wata babbar ƙara aka ji ba, don ruɓaɓɓen katako ba ya ƙara. Wani irin fuuu ya yi, tsakiyar dandamalin ta buɗe, ledar da ke ƙasa ta fashe ta saki ruwan mako shida. Tela ya wuce ta ramin a tsaye, ya nutse a taɓo har cinya, allunan suka riƙe shi a hammata. Sauran jama'a suka sulalo da kujerunsu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, suka taru a jikin Direba. Kwaɗi suka watse ta ko'ina. Dandamalin yana durƙushewa ya janyo sandunan da aka kafe shi a jikinsu, shingen kwano ya yi tangaɗi, ya yi tunani, sannan ya kwanta gaba ɗayansa.

Aka yi tsit. Ba wanda ya karye, sai mai burodi da ke neman takalminsa ɗaya.

"Tubarkalla," in ji Gwaggo daga katanga. "Ya kwanta kam."

Dariya ta ɓarke. Direba yana kwance a taɓo yana yi har da hawaye. Tela kuwa daga ƙirji zuwa kai kawai ake gani, hularsa ta karkace, amma bakin yana nan da ransa.

"Ba laifin katako ba ne! Na ce in na ce uku, wasu sun zauna a biyu da rabi! Direba, kai ka fara..."

Sai ƙofar baya ta buɗe, don abin da ya tokare ta ya tafi. Ta buɗe har bango.

Baba yana zaune a bakinta cikin babbar riga, hannuwansa a kan gwiwa. Gabansa ba dandamali, ba shinge, sai fili har kogi. Ruwan ya cika ya batse saboda damina, ja-ja, yana tafiya da ƙarfinsa, wani kwalekwale yana ratsawa can tsakiya da mutum uku a ciki. Tsohon bai dubi taron ba, bai dubi ɓarnar ba. Hawaye yana bin kumatunsa yana shiga gemu, bai ko share ba.

Dariyar ta mutu da kanta. Malama ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Kafinta ya sauke hannuwansa.

Tela yana daidai tsakanin ƙofa da kogi, kuma shi ya fi kowa ganin fuskar Baba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. Wata goma sha ɗaya mutumin nan ya jira, shi kuma ya ƙara masa kusan biyu a bayan rufaffiyar ƙofa, don kawai kada a ce kafinta ya fi shi. Ya buɗe baki ya nemi abin faɗa, a karon farko a rayuwarsa ya tarar ba komai a ciki.

"Baba," ya ce da ƙyar, "ni dai..."

"Tela," in ji Baba, idonsa yana kan ruwa.

"Na'am, Baba."

"Sunkuya. Ka tare mini mai kwalekwalen."

Tela ya sunkuya. Kafinta ya taho da igiya zai ciro shi, Tela ya girgiza masa kai ya yi masa alama da hannu ya dakata. Haka ya tsaya a cikin taɓo, goshinsa a kan ruɓaɓɓen allo, duk layin yana kallonsa, har kwalekwalen ya kai wancan ƙetaren Baba ya ga mutanen sun sauka lafiya.